Bishiyar Lemon Yaya Umaru

A shekarar da sojoji suka canza launin takardun kuɗi, aka ba mutane 'yan kwanaki kowa ya kai nasa banki, a shekarar ne rijiyar gidanmu ta ƙafe, karo na farko tun da kakanmu ya haƙa ta. Wanda ya rayu a Bauchi a lokacin ba zai manta layin bankin nan ba. Mutum ya fito tun da sassafe da ƙullinsa a aljihu, rana ta take yana tsaye, ya koma gida bai kai gaban kanta ba. Ni ban daɗe a layin ba, domin abin da ke hannuna bai kai a sha rana saboda shi ba. Abin da ya hana ni sukuni a bazarar nan yana can ƙuryar gidanmu a Ƙofar Dumi, kusa da ɗakin Inna: bishiyar lemo guda ɗaya tak, tana mutuwa a kan idona.

Bazarar da ta wuce ce ta tono mini wannan tsohon zance. Zafi ya yi tsanani, bishiyar nan, wadda har yau tana tsaye ta tsufa kamar ni, ta sake zubar da ganye. Sai ga wani toho kore shar ya ɓullo daga gindinta. Na ɗauko wuƙa na durƙusa da ƙyar na sare shi. Surukata, matar ɗana Kabiru, tana shanya a igiya, ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu ta ce, "Baba, shi kaɗai ne fa mai rai a jikinta." Na ɗaga kai na dube ta. Abin da na faɗa wa wani bawan Allah ke nan shekara arba'in da suka wuce, sai dai ni ban faɗa da ladabi irin nata ba.

Yayana Umaru ne ya dasa ta. Direba ne a ma'aikatar gona, kuma yana da aboki mai suna Bitrus, Kirista daga kudancin jiha, wanda ke kula da lambun dashe na gwamnati a wajen GRA. Shi Bitrus ɗin ne ya ba shi ita tana 'yar ƙarama a cikin gwangwani. Ta girma, ta yi 'ya'ya shekara biyu a jere, masu zaƙi da ruwa, sannan Allah ya karɓi ran Yaya Umaru a hatsarin mota.

Shi ne ɗan fari wajen Inna. Saboda kunyar ɗan fari irin ta iyayenmu, tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kira sunansa ba. "Mai Mota" take ce masa. Ranar da aka kawo gawarsa ba ta yi kuka a gaban mutane ba, tana zaune da carbinta tana amsa gaisuwa kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu. Amma tun daga sadakar bakwai ta mai da tabarmarta ƙarƙashin lemon nan. Da safe ta share gindinsa, ta tsince busassun ganye, ta kori awaki da sandarta. Takan ce, "Duk tsuntsun da ya ci, duk yaron da ya tsinta, Mai Mota yana da lada." Mu duka mun gane. Abin da kunya ta hana ta yi wa ɗanta yana raye, shi take yi wa bishiyarsa.

To, sai ga wannan bazara. Daminar da ta gabace ta dama ba ta cika ba, rumbuna ba su ga abin kirki ba, dawa ta yi tsada. Duwatsun da suka kewaye gari suna shan rana wuni guda, su yi ta huro mana zafinta har bayan magariba. Famfon unguwa sai ya yi kwana da kwanaki bai ɗiga ba. Maiɗakina Asabe takan sa guga tun bayan sallar asuba, ta jira ruwan ya tsattsafo, ta jawo rabin guga na laka, a sa alif a bar shi ya kwanta. In masu garuwa suka shigo lungunmu, kafin su sauke sandar daga kafaɗa mata sun riga sun kewaye su. Ruwa ɗaya sai ya yi aiki uku kafin a rabu da shi: a wanke hatsi, a wanke kwanuka, sannan a nemi inda za a zuba.

Ni kuwa na samo masa wurin zubawa. Sana'ata rubutu ce. Ina zama a zaure ina rubuta wa mutane wasiƙa da ajami, ina kwafar littattafai ga masu so, kuma ɗan abin da na sani na noma a gonar dawarmu ta wajen Tirwun na koye shi. Da na ga ganyen lemon ya fara rawaya, sai na yi masa abin da nake yi wa dawa. Na ɗauko fartanya na yi masa huɗa, na tara ƙasa a gindinsa har ta kusa kai gwiwa, wai don saiwa ta samu sanyi. Na dawo da wurin alwalata can. Sau biyar a rana ina tsugunawa da butata, ruwan yana gangarawa jikin itacen. Na ce wa Asabe duk ruwan wanke-wanke da na wanki, har mai sabulu da mai toka, nan za a riƙa juyewa. A raina ina ganin na yi dabara: ga ibada, ga shayar da bishiya, ba ɗigon da ya tafi a banza.

Ganye ya ci gaba da zuba. Ƙananan rassa suka bushe daga sama. Amma daga cikin huɗar nan sai ga toho guda huɗu sun fito, kore shar, masu manyan ƙayoyi, suna tsawo kamar ana jan su. Kullum da safe sai na auna su da ɗan yatsa. Nakan ce wa Inna, "Kin gani, tana farfaɗowa." Ita kuwa saman bishiyar take kallo.

Tun bayan rasuwar Yaya, Bitrus bai daina zuwa gaida Inna ba. Duk bayan 'yan makonni zai jingina kekensa a ƙofar zaure, da ɗan tumatir ko mangwaro a ɗaure a baya. Saura kwana kaɗan a kama azumi ya zo. Asabe ta shige ɗaki, na shigo da shi. Ya durƙusa ya gaida Inna, amma na lura idonsa na kan bishiyar tun kafin a gama gaisuwa.

Ya ce, "Malam, wa ya yi mata huɗa?"

Na ce, "Ni ne."

"To, dawa ce?"

Inna ta yi dariya, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba. Ni ban yi ba. Bitrus ya naɗe hannun riga ya tsuguna ya soma yaye ƙasar da hannunsa. Da ya kai jikin itacen sai ga ɓawon ya yi baƙi, ya yi laushi, wani ƙaro mai kauri yana tsiyaya daga cikinsa. Ya lakato da yatsa ya miƙo mini.

"Sansana."

Wari ne mai tsami, irin na abin da ya daɗe a jiƙe.

Ya ce, "Ruwa ne ke kashe ta."

Na ce, "Ruwa? A wannan farin?"

"Ƙishi a sama, ruɓa a ƙasa. Malam, bakin bishiya ba a gindinta yake ba. Yana can inda inuwarta ta ƙare, nan ƙananan saiwoyi suke sha. Kai kana zuba mata a wuya sau biyar a rana, ga sabulu, ga toka, ka kuma lulluɓe ta da ƙasa. Kai ma in aka bar ka da jiƙaƙƙen rawani wata biyu, ai wuyanka zai yi magana."

Ya ƙara tona ƙasa har ya kai ga wani ƙulli a jikin itacen, kamar taki ɗaya daga ƙasa, wanda huɗata ta binne. Ya ɗora yatsa a kai.

"Ka ga nan? Nan na ɗaura mata aure da hannuna. Daga ƙullin nan zuwa sama lemon zaƙi ne. Daga nan zuwa ƙasa lemon daji ne, mai ƙaya, mai tsami, an aro shi ne don ƙarfin saiwarsa. Waɗannan koren da kake murna da su duk daga ƙasan ƙulli suka fito. 'Ya'yan na daji ne. Duk abin da saiwa ta samo su ke tare shi a hanya, na sama yana kwana da yunwa. Sai an sare su."

Na ce, "Wannan kam a'a. Su kaɗai ne masu rai a jikinta."

Ya dube ni, ya dubi Inna, ya ce, "To, mu yi sauran tukuna."

Har azahar muna aiki tare. Ya kankare ɓawon da ya ruɓe da wata 'yar wuƙarsa mai naɗewa har ya kai ga farin itace mai lafiya. Ya dama farar ƙasa ya shafe wurin. Muka haƙa rami a zagaye kamar zobe, daidai inda inuwar rassa ta tsaya. Ya tambayi Inna ko akwai tsohon tulu mai tsaga, ta sa aka ɗauko masa ɗaya daga bayan murhu. Ya binne shi a bakin zoben, bakinsa kaɗai a waje, ya rufe da fasasshen kasko. Ya ce in riƙa yin alwala a cikin daro, in tara ruwan in juye a tulun, shi zai riƙa tsattsafa wa saiwa a hankali. Ruwan sabulu kuwa ko kusa. Muka baza ɓawon gyaɗa a cikin zoben don kada rana ta shanye danshin.

Da zai tafi Inna ta ce, "Bitrus, me za a ba ka?"

Ya ce, "Inna, in ta tashi, kwandon farko nawa ne."

Ta ce, "Naka ne, har da kwandon."

A bakin zaure, yana ɗaure ƙafar wandonsa zai hau keke, ya sake cewa, "Malam, tohon nan fa." Na ce masa zan duba. Ban duba ba. A idona gindi da rassa duk bishiya guda ce, kuma ban ga dalilin da mai hankali zai sare kore ya bar busasshe ba.

Aka kama azumi cikin wannan hali. Ban taɓa yin azumi mai nauyinsa ba, kafinsa ko bayansa. Kafin hantsi leɓe ya bushe. In na zauna rubutu, tawada tana daskarewa a bakin alƙalami kafin in kai ƙarshen layi, gumi yana ɗiga a kan takarda. Buɗa-bakinmu kunun kanwa ne mai ruwa-ruwa, ƙosai sai ranar da aka samu wake. Tuwon dare Asabe takan raba shi biyu, rabi a ajiye don sahur. An yi ruwa guda ɗaya kafin azumi, muka ruga Tirwun muka shuka dawa, ta tsiro kamar tsawon yatsa, rana ta ƙone ta. Hadari yakan taso daga gabas da la'asar, ya yi baƙi, mata su fito da kwanuka da bahuna, sai iska ta zo ta watsa shi. Aka fita filin idi aka yi sallar roƙon ruwa, manya da yara, muka juya rigunanmu, liman yana addu'a. Muka dawo ƙasa na ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi.

Tohon nan huɗu kuwa sun kai ƙirjina. Saman bishiyar ya ƙara tsirara.

Ranar goma ga azumi aka ce an kawo shinkafa da sabulu a wani kanti, ana sayarwa da sauƙi ga wanda ya bi layi. Na tafi tun da safe. Na tsaya har bayan azahar, saura mutum kaɗan a zo kaina aka ce kaya sun ƙare. Na taho gida a ƙafa, hannu wofi, kaina yana sarawa. Na tarar da keken Bitrus a ƙofar zaure.

Ina shiga na ga tohon nan a ƙasa, su huɗun, a jere, ganyensu ya fara yaushi. Bitrus yana tsugune yana shafa farar ƙasa a inda ya yanke. Ya kuma rage busassun rassan sama. Abin da ya rage a tsaye bai fi a kira shi turke ba, da 'yan rassa uku da ganyen da za a iya ƙirgawa. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta. A gefensa ga kwanon sha cike da ruwa, ta sa an kawo masa, bai taɓa ba, don ba ya sha a gaban masu azumi.

Ban yi sallama ba. Na ce, "Wa ya sa ka?"

Ya miƙe ya ce, "Malam, sannu da rana. Na zo ne na ga…"

"Na ce wa ya sa ka? Abin da Allah ya raya a cikin farin nan, ka shigo gidan mutane ba na nan ka kashe?"

Inna ta ce, "Sani."

Ban saurare ta ba. Yunwa da rana da layin banza duk suka taru a bakina. Na ce, "Su kaɗai ne masu rai a jikinta. Da ɗan'uwanka ne ya mutu ya bar ta, da ba ka sa mata wuƙa haka ba. Amma ina ruwanka, ba naka ba ne."

Bitrus ya dube ni. Ya goge wuƙar a wandonsa, ya naɗe ta, ya sa a aljihu. Ya ce, "Malam, Umaru abokina ne." Ya juya ya durƙusa wa Inna ya ce, "Inna, a ci gaba da zuba wa tulun. In wani ya sake fitowa a ƙasan ƙulli a cire shi." Ya fita. Na ji ƙarar sarƙar kekensa har ta ɓace a lungu.

Inna ba ta yi mini magana ba sai da aka sha ruwa. Na kawo mata kununta, ta karɓa ta ajiye, ta ce, "Ni na ce ya sare. In faɗa za ka yi, ga ni zaune. Ka wuni da ƙishirwa, ka zo ka zubar da ladan a kan baƙon da ya ƙi shan ruwa don kunyarka."

A raina har lokacin ina ganin ni ke da gaskiya.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo. Bishiyar tana tsaye kamar an kafa sanda, ba inuwa, ba alamar komai. Inna ta daina shimfiɗa tabarma a wurin, amma kullum fuskarta na can. Abincinta ya ragu. In an kawo tuwo sai ta gutsura kaɗan ta tura wa jikoki. Na san in lemon nan ya mutu, wani abu zai mutu tare da shi a cikin tsohuwar nan, kuma ba ni da abin da zan dasa a madadinsa. Wata rana Asabe ta gan ni ina juye daron alwala a tulu, ta ce a hankali, "Malam, yara ba su yi wanka ba kwana uku. Itacen wuta muke shayarwa?" Na ce ta yi haƙuri. Gaskiyar magana, wadda na daɗe ban faɗa wa kowa ba, ita ce ba don na yarda da Bitrus nake zubawa ba. So nake in bi maganarsa kaf, don in ta mutu kada a ce laifina ne.

A cikin goman ƙarshe Allah ya dube mu. Bayan la'asar ne, hadari ya taso kamar kullum, ba wanda ya ko ɗaga kai. Sai iska ta tsaya cak. Ɗigon farko ya faɗi a kan kwanon rufin ɗaki kamar an jefa tsakuwa, sannan ya sauko gaba ɗaya. Ƙamshin ƙasa ya cika gida. Asabe da yara suna ta tara duk abin da ke da baki a ƙarƙashin indararo, ni kuma na tsaya a tsakar gida, bakina a rufe gam saboda azumi, ruwan yana dukan fuskata. Zoben da muka haƙa ya cika ya tsaya da ruwa, gindin kuwa, da yake Bitrus ya ɗan tudunta wurin, ruwan bai kwanta a jikinsa ba. Bayan kwana biyu aka sake yi. Muka koma Tirwun muka sake shuka.

Aka yi sallah. Bitrus, wanda bai taɓa fashin zuwa cin tuwon sallah a gidanmu ba, bai zo ba.

Kwana biyar bayan sallah, da hantsi, ina zaure na ji Inna tana kira. Na same ta tsaye a gaban bishiyar, ta dafa sandarta.

Ta ce, "Sani, zo ka duba mini. Idona ba ya gani sosai."

Na sunkuya. A jikin rassan nan uku da na ɗauka sun mutu, wasu 'yan ƙananan idanu sun fashe, ganye sabo mai sheƙi yana leƙowa, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Na ƙirga goma sha ɗaya, na daina.

Ta ce, "A sama da ƙullin suke, ko a ƙasa?"

Na ce, "A sama, Inna. Duk a sama."

Ta ɗora tafin hannunta a jikin itacen, ta daɗe a haka. Can na ji ta ce, ƙasa-ƙasa, "Alhamdu lillahi, Umaru." Sau ɗaya ke nan a rayuwata da na ji sunan ya fito daga bakinta. Na yi kamar ban ji ba, na koma zaure. A ranar ta cinye tuwonta.

Ya kamata in tafi wajen Bitrus a wannan yinin. Na ce sai gobe. Gobe ta zama mako, ina shirya kalmomin da zan faɗa, ina rushewa. Da na daure na je lambun, wani ma'aikaci ya ce mini ai an yi masa canjin wurin aiki zuwa wajen Gombe tun cikin azumi, dama zuwan da ya yi gidanmu na sallama ne. A nan na gane abin da ya hana shi jirana ranar nan. Na dawo na rubuta masa wasiƙa. Sai da na gama na tuna shi ba ya karanta ajami, ni kuma ban iya boko ba. In je in zauna gaban wani in faɗa masa abin da na yi don ya rubuta, ni da mutane ke kawo wa sirrinsu, girman kai ya hana ni. Na ninke takardar na sa a cikin wani littafi.

Daminar ba ta yi albarka sosai ba, amma mun samu abin da ya kai mu. Lemon bai yi 'ya'ya ba sai a kakar shekara ta gaba. Inna da kanta ta zaɓi manya ta cika kwando, ta rufe da faifai, ta ce na Bitrus ne. Na yi cigiya wajen direbobin da suka san Yaya, ba wanda ya san takamaiman inda yake. Da suka fara laushi ta sa aka rabar a ƙofar masallaci, ta ce mini, "Wannan sadaka ce, ba biya ba ce. Kwandonsa yana wuyanka." Bayan shekara uku ta rasu. Allah ya jiƙanta.

Yanzu akwai rijiyar burtsatse a bakin lungunmu, tankin roba a kan ɗaki, jikokina suna wanka sau biyu a rana. Ni dai har yau a daro nake alwala, kuma tulu na huɗu ke binne a wurin.

Bayan na sare tohon bana, Kabiru ya ce bishiyar ta tsufa, gara a samo ƙarama a dasa kusa da ita. Bai samu zuwa ba sai ƙarshen damina. Ya dawo yana ba ni labari cewa a Tirwun ya saya, wajen wani mutum mai lambun dashe, wanda ya ce gadon sana'ar ya yi wajen mahaifinsa, Baba Bitrus, tsohon ma'aikacin lambun gwamnati. Tsohon ya daɗe a ƙauyensu bayan ya bar aiki, bara ɗan ya ɗauko shi saboda ciwon ido.

Wannan karon ban ce sai gobe ba sai don rana ta riga ta faɗi. Da safe na sa aka tsinko abin da ya nuna. Bai cika kwandon ba. Na ciro takardar nan daga littafi, ta yi ja, ta kusa rabuwa a maninka. Muka hau keke mai ƙafa uku ni da Kabiru. Inda gonar dawarmu take a da, gidaje ne yanzu a jere.

Na same shi zaune a kan benci a inuwa, dashe a cikin baƙaƙen ledoji sun kewaye shi. Kansa ya yi fari fat. Na yi sallama, ya amsa yana karkato kunne.

"Wane ne?"

"Sani ne. Ƙanen Umaru direba, na Ƙofar Dumi."

Ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya ce, "Malam." Ya matsa mini wuri. "Inna fa?"

"Ta daɗe da rasuwa."

"Allah ya ba ta hutawa." Ya sunkuyar da kai. Na buɗe baki zan fara abin da na zo da shi, ya riga ni. "Malam, ka yafe mini. Na kashe muku bishiya."

Na ce, "Me ka ce?"

"Na san tohon daji ne, wannan ban yi kuskure ba. Amma a zafi irin na shekarar nan, da na bar mata ko guda ɗaya ya yi mata inuwa. Gaggawa ta sa na sare duka, don zan tafi. Tun ina kan keke nake cewa, Bitrus, ka tsiraita ta da yawa. Sau nawa na shigo Bauchi, in zo har bakin lungunku, in juya. Da wane ido zan dubi Inna?"

Na ɗauki kwandon na ɗora masa a cinya. Ya lalubo ɗaya, ya juya shi a hannu, ya kai hanci.

"Wannan na ina ne?"

Na ce, "Na saman ƙulli."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro wuƙa mai naɗewa, bakinta ya cinye saboda wasawa. Ya fere lemon nan ɓawon bai tsinke ba. Ya yanke kan ya tsotsa. Ruwa yana bin kumatunsa.

"Yaushe ta tashi?"

"Kwana biyar bayan sallah. Inna ce ta fara gani. Ta sha 'ya'yanta kafin ta rasu."

Na warware takardar na ce masa tasa ce, tun shekarar aka rubuta. Na karanta masa. Ba ta da tsawo: gaisuwa, sannan cewa bishiya ta yi toho a sama, shi ne mai gaskiya, maganar da na faɗa a kan ɗan'uwa ƙarya ce domin shi ma ɗan'uwan Umaru ne, ya yafe mini don Allah.

Ya share fuska ya yi dariya. "Shekara arba'in wasiƙa tana hanya daga Ƙofar Dumi zuwa Tirwun. Malam, ko a bayan kunkuru ka ɗaura ta ai da ta iso." Ya lalubo hannuna ya riƙe. "Mai azumi ne ya yi magana ranar nan, ban riƙe ba. Na yafe. Amma ka aiko mini da reshe guda, na sama, mai idanu. Yaron nan zai ɗaura masa aure da lemon daji, ni in riƙa faɗa masa. Kada ta tafi ba magaji."

Muka zauna har rana ta yi sama, muna shan lemo, muna hirar Yaya Umaru da tuƙinsa. Da na tashi tafiya, ɗansa ya juye sauran a cikin daro, na miƙa hannu zan ɗauki kwandona. Bitrus ya riƙe shi gam da hannu biyu.

Ya ce, "A'a, Malam. Inna ta ce har da kwandon."